Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Tsintar Goro a Zangon Agege

Masu bibiya, wancan makon na tsaya ne a inda direban tirela ya damƙa ni hannun Baffa a Zangon Agege. Wasunku sun matsa sai na faɗi abin da ya faru a auren Yaya. Za a zo wurin, amma ba yau ba. Yau maganar goro ce.

Ni dai na zo Legas da zaton benci za a ba ni in zauna ina ƙirga kuɗi, don haka muke ganin Baffa idan ya je gida da Sallah, babbar riga tana ta ƙamshi. Abin da aka ba ni tabarma ce da kwando, a ƙuryar ɗakin ajiya. Aikina tsinta. A kwance huhu, a zube goron, in bi shi ɗaya bayan ɗaya: fari gefe, ja gefe, marsa (manya) daban, minu (ƙanana) daban, mai sankara kuwa a fitar da shi tun bai lalata 'yan'uwansa ba. Sai a canza ganyen fita da ake naɗe goron da shi, a sake ɗaurewa. Kafin in kai huhun ƙarshe, na farko ya isa a sake buɗewa.

Wanda bai san goro ba yana ɗauka abin a fili yake. Ina! Ƙwaron sankara tun daga gona yake shiga, tsutsar tana ci daga ciki, bayan goron kuwa sumul yana sheƙi. Ganye ma da nasa sha'ani. In ya bushe, goro ya yamushe, in danshi ya yi yawa, fumfuna ta kama. Baffa yakan tsaya a kaina, ya zura hannu cikin wanda na riga na tsince, ko kallo ba ya yi, ya zaro guda ya fasa, sai ga tsutsa. Ba ya faɗa. Abin da yake cewa kawai shi ne, "A wurin goro ido baƙo ne, hannu ne ɗan gari." Ya kakkaɓe hannunsa ya fita.

Duk wannan lokacin, ɗansa na fari, wanda 'yan gidanmu suka san ko wa nake nufi, yana bakin rumfa da littafi da biro. Shi ake gaisarwa, shi ake kawo wa shayi. Shi ne kuma, bayan shekaru, ranar sadakar bakwai ɗin Baffa, a gaban Gwaggo da baƙin da suka zo daga gida, ya nuna ni ya ce, "Ai wannan yaron tsinta ne." Ina da mata da 'ya'ya a lokacin. Na yafe, amma ban ce na manta ba.

Dattawan Zango sun sha ba mu labarin cewa goro ne ya kafa unguwar. Da layin dogo ya haɗa Legas da Kano a 1912, kewayen Agege duk gonakin goro ne, kakanni suka sauka kusa da tasha, shanu su gangaro, goro ya hau Arewa. Ni ban tarar da gonakin ba, gidaje sun cinye su. A zamaninmu daga Shagamu da Ifo da ƙasar Ondo kaya ke zuwa, a hannun matan Yarabawa waɗanda su ke ɓare shi, su jiƙa, su cire ɓawo, su wanke. Yanzu da aka yi gadar Pen Cinema a 2021, ga kuma sabon jirgin cikin gari yana ratsa Agege, yaran da aka haifa nan ba su ma san dalilin zaman iyayensu a wurin ba.

Ba zan iya ce muku ga ranar da hannuna ya waye ba. Na dai wayi gari in na ɗauki goro, nauyinsa ke gaya mini ko cikinsa lafiya, babban yatsa kuma ya riga ido gano hudar da ba ta kai kan allura ba. Har hanci ya shiga aikin, ina kwance igiya nake sanin ko huhun ya yi zafi. Shekarun nan ba wani labari a cikinsu, daga masallaci sai ɗakin ajiya.

Ranar da aikin ya nuna kansa ita ce a 1994. Bayan soke zaɓen 12 ga Yuni na 1993, gari bai zauna ba, sai kuma ma'aikatan man fetur suka shiga yajin aiki daga watan Yuli. Mai ya ɓace, motoci suka tsaya cik. Kayan da muka ɗaure don Kano da Sakkwato suka maƙale, wasu 'yan'uwa ma sun kwashe iyali sun yi Arewa ta duk hanyar da ta samu. Mai littafi da biro yana cikin waɗanda suka fara tafiya. Ni a ɗakin ajiyar nake kwana. Ganye ya yi wuya, wanda ya samu sai a lallaɓa shi, a yayyafa masa ruwa daidai gwargwado. Maƙwabtanmu sun zubar da kaya da kwando-kwando, wari ya cika layin. Namu ya kai har hanya ta buɗe a Satumba, ya kwanta ya yi daɗi, aka sayar da shi da kuɗin daushe.

Kun san Baffa, yabo ba ya cikin bakinsa. Da kakar goro ta kama sai ya ƙirgo kuɗi ya ce, "Gobe ka tafi Sabon Shagamu, kai kaɗai." Na ce, "Baffa, ni?" Ya ce, "Hannunka ya zama ɗan gari." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa bai ƙara ba. Allah Ya jiƙansa da rahama.

A Shagamu wata tsohuwa ta gwada ni. Ta jera masu kyau a sama, tana ta zuba Yarabanci tana dariya. Na nutsa hannu har gindin kwando na zaro uku na ajiye mata a kan zane, ban fasa ba. Ita ta fasa da kanta. Tun daga ranar in na je sai ta janye ni bayan rumfa inda kayan ƙwarai suke, kuma 'yarta ce ke ba ni kaya har gobe.

Abin da ke ɓata mini rai yanzu shi ne yaran da ke barbaɗa maganin ƙwari a cikin huhu don gudun tsinta. Abin da mutum zai sa a baki ya tauna! Goron ɗaurin aure, goron suna. Na kori yaro a kan haka bara, uwarsa ta zo har gida tana roƙo, na ce a'a. Kuma bari in faɗa muku, ɗan wancan mai littafin yana wurina yau, uban da kansa ya turo shi, ta bakin Gwaggo, don shi ba zai iya kallon idona ya roƙa ba. Yaron ba shi da laifi, yana da haƙuri, hannunsa ma ya fara. Uban kuwa har yau in ka miƙa masa ƙwarya guda ba zai fitar maka da mai sankara ba, sai dai ya ƙirga ya ce ɗari ce.

Amma shi uban aka ba mabuɗin ɗakin ajiyar da aka zo rabon gadon Baffa. Yadda aka yi haka, da wanda ya tsaya masa a gaban Sarkin Hausawa, da abin da Gwaggo ta ce da aka tambaye ta, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.