Tsatsar disk ɗin birki da damina: wadda taka birki ke sharewa da wadda sai an kwance taya

Disk ɗin birki baƙin ƙarfe ne na zubi, kuma fuskar da plaket (takalmin birkin da ke matse disk don mota ta tsaya) ke kamawa tsirara take, ba fenti ba mai. Shi ya sa a Damagaram, daga Yuli zuwa Satumba, ruwan dare ɗaya ko wankin mota da yamma ya isa a wayi gari disk ya yi jawur. Wannan ba ta tayar mini da hankali. Nakan hau kwalta inda babu cunkoso, kamar hanyar Mirriya, in kai kilomita 40 a awa, in riƙa taka birki a hankali sau biyar zuwa goma. Ƙarar gurza ta farko sai ta ɗauke, ƙarfen ya dawo yana sheƙi.

Motar da ta yi wata biyu ko uku a ajiye cikin danshi, zancenta daban. Wata Corolla da na yi wa aiki, da na cire taya sai ga shatin plaket a kan disk kamar an buga hatimi, kewaye da shi tsatsa ta yi kauri, tana kama farce. Irin wannan ce ke sa fedal ya riƙa bugun ƙafa, domin fuskar disk ba ɗaya take ba kuma.

Na sassauta notin taya tun motar na ƙasa, na ɗaga da kirik, na sa mata madogari na ƙarfe. Kirik shi kaɗai ba abin shiga ƙarƙashinsa ba ne. Na kwance ƙusoshi biyu na etiriye, wato ƙarfen da ke rungume da disk yana matsa plaket, na rataye shi da waya a jikin sifirin. In aka bar shi yana lilo, tiyon man birki ne ke ɗaukar nauyinsa, kuma yana iya lalacewa ta ciki ba a gani ba. Sai na cire mariƙinsa, na zare disk.

Kafin gurza, awo. A gefen disk ko a cibiyarsa akwai rubutu MIN TH da lamba a milimita, wato kaurin da ba a yarda ya gaza ba. In awo ya kai nan, ko tsatsa ta ci ramuka masu zurfi, samfefa ba za ta yi magani ba, sai a canza disk biyun, hagu da dama tare. Na Corollar nan yana da sauran kauri. Na naɗe samfefa mai lamba 120 a guntun katako mai faɗi, na gurje fuska biyun daidai wa daida, ina gittawa, ba na daɗewa wuri guda don kada in yi kwari. Fuskar cibiya inda disk ke zama na bi ta da burushin waya sosai. Mutane da yawa na tsallake nan, alhali ɓawon tsatsa siriri ya isa ya karkatar da disk, sitiyari ya kama rawa duk lokacin da aka taka birki.

Wanki da feshin wanke birki kawai. Gazuwal, baƙin mai ko WD-40 kada su kusanci fuskar disk, don plaket na shan mai, in ta sha kuwa ta tashi daga aiki. Sabon disk ma da man ajiya yake zuwa, sai an wanke shi kafin a ɗaura. Plaket in ta rage milimita 3 nakan canza. In da sauranta, a ɗan goge fuskarta da samfefa. Ƙusoshin da etiriye ke zamewa a kansu, waɗanda ƙurar hunturu ke busarwa, na goge na shafa musu giris na silikon.

Notin taya na ɗaure su a gicciye, zuwa 103 Nm, wato ƙarfin ɗaurin da Toyota ta ba wa Corolla. Kafin motar ta motsa na tattaka fedal har ya yi tauri, domin takin farko bayan haɗawa yakan tafi ƙasa babu birki. A hanya na yi ta saukowa daga kilomita 60 zuwa 10 a awa kamar sau takwas ba tare da tsayawa cak ba, don plaket ta zauna.

In za a ajiye mota da damina, bayan wanki a zaga da ita kaɗan ana taka birki har disk ya bushe. A bar ta cikin giya, a sa dutse a taya, kada a ja birkin hannu, saboda tsatsa na liƙe birkin baya. A kuma tayar da ita a ɗan zaga ko da sau ɗaya a mako.