Hazo ya iske ni a tsibirin Sal

Kafin in zo Kabo Berde, ƙasar tsibirai da ke cikin teku yamma da Senegal, abin da na sani game da tsibirinta na Sal bai wuce hoton farin rairayi da shuɗin ruwa ba. Rairayin kam yana nan, wajen kilomita 8 a gaɓar garin Santa Mariya. Amma daga filin jirgi zuwa can, fili ne fetal, duwatsu da ƙura, da kyar za ka ga bishiyar da za ka fake.

Aikina a wani otal yake. Da na idar da Asuba nake shiga ƙaramar bas daga garin Esfargos, inda akasarinmu ma'aikata ke haya saboda ɗaki a bakin teku ya fi ƙarfin albashinmu. Ina share rairayi, ina jera kujerun kwanciya da laima kafin Turawan Ingila da Jamus su fito. Har yau ina mamakin mutum ya biya kuɗin jirgi don ya kwanta a rana.

Ruwa ne ya fi ɗaure mini kai. Teku ta ko'ina, amma sai inji ya cire gishirin kafin a sha. A otal ana cika kwamin wanka kullum, ni kuwa a ɗakina jarka nake saye, ina auna na alwala.

'Yan ƙasar suna kiran duk wanda ya fito daga babban yankin Afirka "Manjaku", sunan wata ƙabila ta Gini Bisau. Da farko ya yi mini ciwo. Da na fara tsintar Kiriyol, harshen 'yan ƙasar, sai na gane a bakin wani raini ne, a bakin wani kuma suna ne kawai. Na koyi tambaya kafin in ci kachufa, dahuwar masara da wake, domin sau da yawa akwai naman alade a ciki. 'Yan Senegal masu sayar da zane da sassaƙa su suka nuna mini inda ake sallar Juma'a.

Wata safiya a Janairu na fito na tarar teku ta ɓace. Ƙurar Sahara ce ta tsallako ruwa, rana ta yi fari fat. Baƙi na ta gunaguni, wata tsohuwa ta tambaye ni ko gobara ake yi. Na ce mata hazo ne. Leɓena ya tsage, na lashe shi, na ci gaba da jera kujerun da na san ba mai kwanciya a kansu ranar.