Talata da daddare

Tambayar da Ummi ta yi mini yau har yanzu ba ta sake ni ba. Na ɗauko ta daga Islamiyya a babur, mun biyo ta gaban tsohuwar Kwalejin Katsina, sai ta taɓo ni a baya. "Abba, wannan ginin ƙasar gidan wane ne?"

Shekararta 11. Ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba muka bi hanyar nan tare.

Na gangara gefen titi na kashe babur. Na ce mata makaranta ce, a 1922 Gwamna Clifford ya buɗe ta, zamanin Sarki Dikko, don a horar da malaman da za su koma lardunansu su koyar, lokacin da iyaye da yawa ke gudun boko. Na ce nan Sardauna ya yi karatu, da Tafawa Ɓalewa, da Abubakar Imam, da Kashim Ibrahim na Borno. Ta zaro ido. "Sardauna na jikin ɗari biyu? A ɗakin ƙasa?" Ta sauka ta je ta dafa bangon da tafin hannunta, ta ce sanyi gare shi.

Bayan magariba na ba da labarin a majalisa. Kawu Sale ya ce, "To Malam, ina laifin yarinya? Kwalejin nan 'ya ce muka raina, aka ɗauke ta zuwa Kaduna a 1938, daga can Zariya a 1949, yau sunanta Barewa. Wa ke tuna gidan uban amarya?" Aka yi dariya. Ni kam jikina ya yi sanyi. Shekarata 16 ina riƙe da alli a garin nan, ban taɓa jan ajina na kai su wurin ba. Muna ta cewa ta Dikko ɗakin kara, amma 'yar cikina ba ta san inda su Sardauna suka zauna suka koyi darasi ba, kuma ni ne ban faɗa mata ba.

Ƙafar Hajiya da sauƙi, alhamdu lillahi. Wuta tun azahar ba labari.

Asabar zan kai ta ciki, ta ce sai da Sadiq. Kafin ta kwanta ta ce in ba ta naira biyar ta ga fuskar Tafawa Ɓalewa. Mun birkice gidan kaf, ba mu samu ba.