Nutso a Zanzibar da yadda na zaɓi masu kai ni ƙarƙashin ruwa

Tun kafin ka gama ajiye jaka a Nungwi, wani garin bakin teku a arewacin Zanzibar, samarin bakin ruwa sun riga sun san an yi baƙo. Kana fitowa shan iska za su yanyame ka kamar 'yan kamasho a tasha, kowa da ɗan katinsa na hotunan kifaye da aka lulluɓe da leda, wannan ya ce tsibirin Mnemba gobe da sassafe, wancan ya ce shi nasa har da abinci kuma rabin kuɗi, wani ma ya rantse maka sai ka ga dolfin. Yawancinsu ba mugaye ba ne fa, abinci suke nema, amma ba su da jirgi ba su da tulun iska, dillalai ne kawai, su karɓi kuɗinka su cire nasu su miƙa ka ga duk shagon da ya fi ba su la'ada. Ni dai tun daga gida na ƙudurta ba mai cin ko sisina sai na taka zuwa shagon da ƙafata na leƙa har bayansa.

Abin da ya kai ni shi ne kwas ɗin farko na nutso, wanda ake kira Open Water, in ka gama a ba ka kati ka riƙa nutso a duk inda ka je a duniya har zurfin mita 18. Da na gaya wa Hajiyarmu sai cewa ta yi "kai yanzu ɗan nan me ka rasa a tudu da za ka je nema a ƙasan teku?", na lallaɓa ta dai ta sa albarka. Maganar tafiya kuwa a takaice, mai fasfon Najeriya ko Nijar ba ya samun bizar Tanzaniya a filin jirgi, sai ya nema tun da wuri an tantance shi, ka riƙe katin allurar shawara, sannan tun watan Oktoban 2024 duk baƙon da zai shiga Zanzibar sai ya sayi inshorar gwamnatinsu ta dala 44. Mu ta Adis Ababa muka bi, ni da wani abokina.

Shagon da muka fara shiga ya yi kyau daga waje, fenti sabo, tutoci, hotuna ko'ina, kuɗinsu kuma ƙasa da na kowa sosai. Sai na fara jarraba mutumin. Na ce idan mutum bai iya iyo sosai ba fa? Ya ce hakuna matata. Na ce abokina yana da asma, ya ce ba komai ai ƙarƙashin ruwa babu ƙura. Na ce to in jirginmu da safe ne, za mu iya nutso da yamma kafin nan? Ya ce me zai hana. Wallahi duk abin da na jefa masa sai ya cafe da fara'a, ko fom bai ɗauko ba, hannunsa na kan littafin rasit. Na yi masa godiya muka fito.

Inda na tsaya daga ƙarshe, wata mata ce a kan tebur, ko farashi ba ta faɗa mana ba sai da ta miƙo mana fom ɗin lafiya, tambayoyi kan zuciya, huhu, kunne, farfaɗiya, ciwon suga, tiyata, magungunan da mutum ke sha. Abokina ya cika gaskiya ya rubuta asma, ta duba ta ce masa ba zai shiga ruwa da tulu ba sai likita ya duba shi ya sa hannu. Ya yi ta magiya, ya ce shi fa rabonsa da ciwon ya tashi an daɗe, ya ce zai sa hannu cewa duk abin da ya faru ba ruwansu, ta ce a'a. Mutumina ya fita yana huci yana cewa "kai ka ga matar nan, kuɗi ne fa na kawo mata", ni kuwa a raina na ce ai nan ne wurin. Shagon da zai ga dala a hannu ya mayar da ita, shi ne zai iya soke fita ranar da teku ta yi fushi. Kuma ga 'yan uwanmu masu sikila, wannan magana ta fi shafarsu fiye da kowa, kar mutum ya ɓoye don kunya ko don kar a hana shi, a fara ganin likita tukun.

Na ce su nuna min inda suke cika tulunan. Mutane da yawa suna zaton oksijin ne zalla a ciki, alhali iskar nan ce da muke shaƙa, kashi 21 cikin ɗari oksijin sauran kusan duk nitrojin, inji ne ke tace ta ya danna ta cikin tulu har ma'auni ya kai bar 200, bar ɗin nan shi ne awon matsin iska. To duk abin da injin ya zuƙa shi za ka shaƙa a ƙasa. Idan bututun da yake jan iska yana kusa da salansar janareto, hayaƙin nan da muka sani yana kashe mutane a ɗaki cikin barci shi za a cusa maka a tulu, kuma a zurfi illarsa ninkuwa take yi. A wannan shagon bututun an ja shi can sama ta bayan rufi nesa da injin, ga wani tsohon littafi duk maiƙo rataye a ƙusa inda suke rubuta ranar da aka canja matata. Yaron da ke wurin ya juyo min da wuyan wani tulu ya nuna min tambarin da aka buga a jikin ƙarfen, wata da shekarar da aka yi masa gwajin ƙarfi, da sitika ta dubawar cikinsa. Ya ɗan buɗe iskar ya ce in sansana. Ba wari, ba ƙaurin mai. Kayan haya ba sababbi ba ne, rigunan roba duk sun koɗe, amma robar da ake cizawa a baki ba ta yage ba, tiyo babu tsaga, kuma in aka haɗa ba ka jin wannan tsiiii ɗin na iska tana zurarewa.

Sauran tambayoyin a tsaye na yi su muna shan shayi mai kayan ƙamshi. Mutum nawa malami ɗaya ke shiga da su? Suka ce ba sa wuce huɗu. Akwai oksijin na gaggawa a jirgi? Suka nuna min akwatin da tulunsa, ba wai "yana shago" ba. Ina ɗakin matsin iska mafi kusa, wanda ake saka mutum in nitrojin ya kama shi? Malamin bai yi inda-inda ba, ya faɗi wurin da yadda za a kai mutum da lambar da za a kira, ga ta ma a manne a bango. Na karɓi lambarsa ta koyarwa na duba a shafin PADI, ƙungiyar da ke ba da katin nutso, da daddare na ga lasisinsa na aiki. Tuta ko sitika a ƙofa kowa na iya mannawa, kuma ko PADI ne ko takwararta SSI duk katin yana aiki a duniya, bambancin yana wajen mutumin da zai tsaya a gabanka cikin ruwa.

Kwas ɗin kwana uku zuwa huɗu ne, karatu, sai atisaye a ruwa marar zurfi, sai nutso huɗu a teku. Kafin komai sai ka yi iyo na mita 200 ba tsayawa, sannan ka yi minti 10 kana yawo a saman ruwa ba ka riƙe komai ba. Iyon da na koya a rafin garinmu ya fitar da ni amma da haki. Wanda bai iya ba ya fara koya a gida, ko ya yi ɗan gwajin nan na yini ɗaya da malami ke riƙe da kai kuma ba a wuce mita 12.

Karatun ba shi da wuya, abu ɗaya ne suke ta nanatawa. Duk mita 10 da ka sauka nauyin da ke danna ka yana ƙaruwa da bar ɗaya, wato a mita 10 ya ninka na tudu. Iskar da ka cika huhu da ita a can ƙasa in ka riƙe ta ka taso, kumbura za ta yi ta ninka, huhu kuwa ba zai ɗauka ba. Shi ya sa doka ta farko kar ka taɓa riƙe numfashi. Kunne ma haka, tun daga mita ɗaya biyu za ka ji yana matsewa, sai ka toshe hanci ka ɗan hura a hankali ya buɗe, in bai buɗe ba ka ɗan hau sama ka sake, ba a yin dole. Mai mura ba ya nutso, kuma iskar AC ta otal ita ke jawo ta, ni kashe tawa na riƙa yi.

Abin da ya fi ba ni wahala cire gilashin fuska a ƙarƙashin ruwa a mayar. Ruwan gishiri ya taɓa hanci sai kwakwalwa ta ce maka tashi ka gudu sama. Malamin, wani ɗan tsibirin ne mai sanyin hali, ya durƙusa a gabana kan yashi ya riƙe igiyar rigata da hannu ɗaya yana min alama da ɗayan, shaƙa, fitar, shaƙa, fitar, bai matsa ba sai da na yi shi ba tare da firgita ba, kuma washegari ya sake sa ni. Wani shagon da sun ce ya isa sun sa hannu. Sannan masu gashin baki ku ji da kyau, gilashin ba ya kama fata in akwai gashi a ƙarƙashin hanci, ruwa zai yi ta tsiyaya ciki. Gemu ba ruwansa, ba wanda zai ce ka taɓa shi, ɗan layin saman gashin bakin kawai na rage shi ke nan.

Ranar Mnemba mota ta kai mu gabar arewa maso gabas wajen Matemwe muka hau jirgi daga can, kuma lokacin tashi ba agogo ke yanke shi ba, cikar teku ce, don a wannan gefen ruwa kan janye ya bar fili mai nisa. Tsibirin kansa na masu otal ne ba a sauka, kewayensa kuma wurin kariya ne ana biyan kuɗin shiga, ka tambaya ko yana cikin farashin da aka faɗa maka. Kafin mu faɗa ruwa aka kira sunan kowa aka rubuta, aka bar direban jirgi da yaronsa a sama suna bin kumfarmu.

A ƙasa abin da na fara lura shi ne ƙara, na zaci shiru ne ashe ba haka ba, ga gurnanin numfashinka ga wani ƙas-ƙas-ƙas da ke fitowa daga duwatsun murjani ba ƙaƙƙautawa. Ja yana ɓacewa in aka yi ƙasa, jar igiyar da ke hannuna ta koma kamar ruwan ƙasa. Malamin ya tsaya ya nuna wani dutse, na duba ban ga komai ba, sai dutsen ya buɗe ido. Dabbar nan ce mai hannuwa takwas, ta yi fari fat, ta koma duhu, fatarta ta yi ƙuraje-ƙuraje irin na murjanin da take kai, sannan ta zuba jikinta cikin wani rami da ko hannuna ba zai shiga ba. Kunkurun teku ma ya wuce mu ko kallo ba mu ishe shi ba. Dolfin kuwa daga jirgi kawai muka hango bayansu.

Sabon shiga yana shan iska kamar me, ni iskar tuluna ta riga ta kowa sauka zuwa bar 50, na yi alama, nan take malamin ya tara mu, ya hura dogon balan-balan mai ruwan lemo ya sake shi sama don jirage su san akwai mutane, muka tsaya a mita 5 na minti uku kafin mu fito. Wannan balan-balan ba ado ba ne, Mnemba jirage sun yi yawa gaskiya, da hantsi wurin ya zama kasuwa, in za ka je ka nemi masu fita da wuri. A nan ne na ga wata tawagar, jagora ɗaya da mutane sun fi goma a bayansa, wasu na tattaka murjani, wani ya ɓalle ya yi sama da gudu jagoran bai ma waiwaya ba. Ban san nawa suka biya ba amma na tabbata sun fi ni samun sauƙi.

Ta fannin addini ban sha wahala ba, ma'aikatan jirgin kusan duk musulmi ne, abinci halal, da muka dawo tare muka yi azahar. Na ga mata suna nutso da doguwar rigar roba har idon sawu da hular da ke rufe kai da wuya, kuma mace na iya neman malama mace tun wajen yin rajista. Lokaci kuma a duba, daga Maris zuwa Mayu damina ce mai ƙarfi, tsakiyar shekara iskar kudu da suke kira kusi tana tayar da igiyar ruwa, mai jin jiri a jirgi ya sha magani tun kafin a tashi.

Ranar ƙarshe ba a nutso. Nitrojin da jiki ya sha yana buƙatar lokaci ya fita, in ka hau jirgin sama da wuri zai iya zama kumfa a jini da gaɓoɓi. Ƙa'idar DAN, ƙungiyar da ke kula da lafiyar masu nutso, ita ce aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 in an yi da yawa ko kwanaki a jere, shagonmu suka ce mu ba shi 24 kawai, har sai da suka duba tikitina kafin su tsara ranar ƙarshe. Inshora ma ka karanta ƙananan rubutun, da yawa ba sa biyan haɗarin nutso ko kuma suna da iyakar zurfi, ni ta nutso daban na saya. Yinin nan muka yi shi a Stone Town, da daddare muka ci gasasshen kifi a Forodhani, abokina har lokacin yana mitar matar nan, amma ya ce da mun koma zai je ya ga likitan ƙirji ya karɓo takardarsa, don shi tsibirin Pemba yake so mu nufa in Allah ya kai mu.