Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a kan ƙafar autarmu

Alhamdulillahi. Jiya da la'asar autarmu ta bi yayyenta a guje daga zaure har tsakar gida, tafin ƙafarta na dama yana taka ƙasa daram. Ina tsaye da tsintsiya a hannu, sai hawaye.

Da murɗaɗɗiyar ƙafa aka haife ta, tafin ya juya ciki yana kallon ɗan'uwansa. A Asibitin Ƙashi na Dala aka yi mata gyara irin na Dakta Ponseti: duk mako a sauya siminti, daga baya aka ɗan yanka agara, sannan aka ba mu takalman nan biyu da ƙarfe ya haɗa. An ce ta sa su dare da rana wata 3, sannan lokacin barci kawai har ta kai shekara 4. Kukanta na dare ya karya mini zuciya na riƙa cire mata, ƙafar ta koma. Laifina ne. Tana shekara 4 aka yi mata aikin mayar da jijiya zuwa gefen waje na ƙafar.

Godiyata ta musamman ga baiwar Allah da ta karɓe mu a sashen gashin ƙashi bayan an cire simintin aikin. Ƙwaurin yarinyar ya tsotse kamar sillen kara. Da ta ɗauko na'ura mai wayoyi ta ce lantarki za a sa, na rungume 'yata na ce ba da ni ba. Ba ta yi fushi ba, cewa ta yi, "Maman yara, miƙo hannunki." Ta manna mini faci biyu ta kunna a hankali. Na ji kamar tururuwa na tafiya a fatata, yatsuna suka motsa da kansu. Ta bayyana mini cewa a gefen ƙwauri na waje za ta manna, kan tsokar da ke jan ƙafa waje, domin ita ce mai rauni a irin waɗannan yara. Na'urar tana sa tsokar ta ɗaure ta saki, yarinya kuma tana taya ta da ƙoƙarin ɗaga ƙafar. Ta faɗa mini gaskiya: taimako ce kawai, ba za ta maye gurbin atisaye ba, kuma sharaɓar za ta ɗan fi ɗayar siranta har girma.

Ina godiya ga likitocin da suka yi aikin, ga Hajiyarmu da ta riƙe mini sauran yara duk ranar asibiti, da ƙanina mai adaidaita sahu da bai taɓa karɓar ko sisi ba. Baban yara, ka sayar da babur ɗinka ba ka ko ɗaga murya ba, Allah Ya mayar maka da mafi alheri. Matan da muke zaman benci tare muna jiran layi, Allah Ya tashi kafaɗun 'ya'yanku, Ya nuna muku irin abin da na gani jiya.