Godiya bayan an sallamo 'yar autarmu

Alhamdu lillahi, an sallamo 'yar autarmu. Likitoci sun cire ƙullutun da ya tsiro a kan 'yar halittar nan da ke zaune saman ƙodarta ta hagu, kuma hoton ƙarshe bai nuna ragowarsa ba. Kun bi mu tun lokacin da muke ɗaukar kumburin cikinta da ciwon ƙafa a matsayin shawara, har gwajin fitsari da na tsoka suka tabbatar da neuroblastoma, ciwon dajin da ke farawa daga ƙwayoyin jijiya kuma ya fi kama yara 'yan ƙasa da shekara 5, don haka ba sai na maimaita ba.

Dare ɗaya nake so na ambata. An gargaɗe mu cewa kemo, wato maganin da ke kashe ƙwayoyin ciwon daji, yana karya fararen ƙwayoyin jini masu kare jiki daga cuta, saboda haka kowane zazzaɓi na gaggawa ne. A daren jikinta ya yi zafi, leɓɓanta suka yi fari fat, muka fita babu abin hawa sai wani ɗan adaidaita sahu da ke shirin komawa gida. Da aka ce sai an yi mata ƙarin jini, ni kuma ban daɗe da bayarwa ba, sai wannan bawan Allah, wanda bai tafi ba, ya naɗe hannun rigarsa ya ce, "Baba, a gwada nawa." Jininsa ya dace, ya ƙi karɓar ko kuɗin mai. Allah Ya suturta shi duniya da lahira, Ya raya masa zuri'a, Ya sa kada ya taɓa tsayawa inda na tsaya a daren nan.

Ko da ba a saba ba, dole na ambaci Gwaggonta da ta bar sana'arta ta kwana a tabarma, da malamar jinya ta dare wadda ke lallaɓa jijiyar da ta gaji da allura, da jama'ar masallacinmu da suka haɗa kuɗin tiyata. 'Yan'uwan da ba mu ji ko sallamarsu a waya ba, mun ɗauka uzuri ne ya riƙe su.

Sauran yaran da muka baro a ɗakin jinyar, Allah Ya ba su lafiya, waɗanda suka rasu Ya sa masu ceto ne. Za mu ci gaba da kai ta hoto, domin ciwon yana iya dawowa. Jikinta bai gama ƙarfi ba, don haka muna roƙon mai mura ko tari ya dakata da zuwa dubiya tukuna.