Godiya ga Mutanen Unguwarmu kan Karen Kango

Assalamu alaikum. Na jinkirta wannan godiya ne da gangan, ina jira karen ya miƙe tukuna. To alhamdu lillahi ya miƙe, gashi ya rufe masa jiki, har ya fara yi wa awakin maƙwabta haushi.

Ga wanda bai san zancen ba, kare ne da aka ɗaure a wani kango bayan layinmu a nan Zariya don gadin siminti da rodi. Gini ya tsaya, albashin mai gadi ya tsaya, shi ma ya kama gabansa, aka bar dabba a sarƙa cikin zafin bazara, ba ruwa ba inuwa. Sa'ad da muka leƙa, haƙarƙarinsa a waje suke, ƙazuwa ta cinye gashin bayansa, kaska ta cika kunnuwansa, wayar da aka ɗaura masa a wuya ta nutse cikin nama har tsutsa ta shiga.

Godiyata ta farko ga almajiran makarantar allo ta bakin masallaci take. Mu manya muna jin kukan da dare, kowa ya ce ba nasa ba ne. Su kuwa yaran nan da ke yawo da roba suna neman abin da za su sa a bakinsu, su ne suke haura katanga su zuba masa ragowar tuwo, su cika masa gwangwani da ruwa. Ba don su ba, da gawa za mu tarar. Ɗaya daga cikinsu ne ya tare ni a ƙofar gida ya ce, "Baba, karen can fa ya daina tashi." Allah ya ba ku ilimi mai albarka.

Ina gode wa mai unguwa. Shi ya ce kada kowa ya taɓa dukiyar wani sai da izini, ya nemo lambar mai kangon, ya kira shi a gaban shaidu. Mutumin ya ce ya ɗauka mai gadin ya tafi da karen, don haka duk mai son karen ya ɗauke shi. Ban zo in ci mutuncinsa ba, shi ya sa ban ambaci sunansa ba.

Sai Baba mafarauci, dattijon da ya yi rayuwarsa da karnuka. Mu duk tsoro ya hana mu matsawa, shi kuwa ya tsuguna nesa kaɗan yana ta yi masa magana ƙasa ƙasa, bai kalle shi cikin ido ba, sai da karen ya kwantar da kai sannan ya lulluɓe shi da buhu. Mai walda na bakin titi ya rufe shago ya zo da almakashin ƙarfe. Shi ne ma ya fi kowa shan wahala, domin yana datse wayar zafi ya sa karen ya kai masa cizo a yatsa. Nan take wasu suka ce a tsigi gashin karen a ƙona a shafa a wurin. Likitar dabbobi da muka kira a waya ta ce kul, a wanke ciwon da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, a wuce da shi asibiti a fara masa allurar rigakafin ciwon haukan kare a ranar, kada a kwana. Ya yi allurarsa har ya gama, ya kuma ƙi karɓar ko sisi na aikinsa. Ɗan uwa, Allah ya buɗa maka.

Ita wannan likita ban san da bakin da zan gode mata ba. Ta wanke ciwon wuyan, ta zaƙulo tsutsotsin ɗaya bayan ɗaya, ta ba shi maganin ƙazuwa da na tsutsar ciki, ta sa aka keɓe shi kwana 10 ana sa masa ido saboda cizon da ya yi. Ta hana mu shafa masa baƙin mai, wanda mutane da yawa suka rantse mana shi ne maganin ƙazuwa. Ta ce ƙona fata yake yi, dabba ta lashe ya zame mata guba. Ta hana mu cika masa ciki lokaci ɗaya, sai kaɗan kaɗan, kuma ban da albasa, ban da ƙashin kaza da aka dafa. Da ya yi ƙarfi ta yi masa tasa allurar ta ba mu kati. A bakinta na ji cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ciwon haukan kare yana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma yara ƙanana suna da yawa a ciki. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. Abin takaicin shi ne rigakafin ba baƙo ba ne a ƙasar nan, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da ke kusa da Jos tun 1924 take, tana kuma yin allurar karnuka, amma ka zaga unguwa ka tambayi masu kare wa ke da kati.

Mai keken da ya kai mu asibitin dabbobi, bayan da yawa sun ƙi, na gode. Waɗanda suka ƙi ma ban ga laifinsu ba, warin ba na wasa ba ne.

Liman, Allah ya ƙara sani. Da surutu ya yi yawa cewa na kawo najasa gida, shi ya zaunar da mu bayan sallar isha'i. Ya kawo hadisin Abu Huraira da ke cikin Bukhari da Muslim, na mutumin da ya ga kare yana lasar ƙasa don ƙishi, ya sauka rijiya ya cika huffinsa da ruwa, ya riƙo shi da baki ya hau ya shayar da shi, Allah ya gafarta masa. Ya ce a mazhabar Malikiyya da muke bi kare mai rai ba najasa ba ne, amma kwanon da ya sa wa baki ana wanke shi sau bakwai. Bai ɓoye ɗaya ɓangaren ba: ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko tsaron gona ba yana rage lada kullum, malamai da dama kuma sun haɗa gadin gida a cikin abin da aka yarda. Har ya ba mu labarin Ibn Abi Zaid mai Risala, wanda ya ajiye kare a gidansa, da aka ce masa Malik ya ƙi haka sai ya ce da Malik ya riski wannan zamani da zaki zai ajiye. Masallaci ya ɗauki dariya, maganar ta mutu a nan.

Maiɗakina ba ta son kare, har gobe ba ta so. Ta kafa sharaɗi: ba zai shiga tsakar gida ba, ba zai kusanci randa ko tabarmar salla ba, kwanonsa daban. Muka yi masa rumfa a bayan zaure. Amma ita ce ke dama masa kunu kafin in dawo daga aiki, ita ce kuma ta fara lura da ranar da ya tsaya da ƙafafunsa huɗu. Mahaucin kasuwarmu yana tara mana tarkacen nama kyauta, Allah ya sa wa sana'a albarka.

Wasu sun ce mini ana kwana da yunwa a gari ni kuma ina kashe kuɗi a kan kare. Maganarsu tana da nauyi, ban raina ta ba. Abin da zan ce kawai shi ne waɗanda suka fi kowa yunwa a unguwar nan su ne suka fara ciyar da shi.

Yara sun sa masa suna Duna. Ina roƙon iyaye su ja wa 'ya'yansu kunne kan jifa, domin har yanzu yana firgita idan ya ga an sunkuya ƙasa. Likita ta yi alkawarin zuwa ƙofar gidan mai unguwa ranar Asabar da safe don yi wa karnukan mafarauta da na masu gadi allura, kuɗin magani kawai za a biya. Mai kare ya zo da shi a ɗaure, kuma babba ya riƙo shi, kada a aiko yaro. Allah ya saka wa kowa da alheri.